Tashoshin lantarki da zafi a haɗe: yadda ake auna ingancinsu da yadda ake sabunta su

A biranen da sanyi ke iya kashe mutum a cikin ɗakinsa, irin su Warsaw da Mosko da Helsinki da Kopenhagen, galibin gidaje ba su da abin ɗumama ɗaki na kansu. Ruwan zafi ne ke zo musu ta bututun ƙarƙashin ƙasa, kuma sau da yawa tashar da ta dafa ruwan ita ce ta ba su wutar lantarki. Da yawa daga cikin waɗannan tashoshi sun haura shekara hamsin, shi ya sa ake ta zuba kuɗi wajen sabunta su. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mece ce tashar lantarki da zafi a haɗe, kuma me ya bambanta ta da sauran tashoshi?

Duk tashar da ke ƙona kwal ko gas ko mai don samar da lantarki, ba ta iya mayar da dukkan ƙarfin abin da ta ƙona ya zama wuta. Tsohuwar tashar kwal takan samu kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari. Tashar gas ta zamani mai zagaye biyu, wato wadda ke amfani da zafin hayaƙin injin gas ta juya injin tururi, takan kai kashi 60. Sauran yana fita ne a matsayin zafi, ta bututun hayaƙi, ko ta hasumiyar sanyaya ruwa, ko kuma a zuba shi a kogi. Wannan ba sakacin injiniya ba ne. Tun a 1824 wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna cewa kowane inji mai aiki da zafi dole ya zubar da wani kaso nasa.

Tashar haɗaka ba ta zubar da wannan zafin, sayar da shi take yi ga gidaje ko masana'antu. Uwargidan da ta ɗora tuwo ta kuma jingina butar ruwa a gefen murhu ta san dabarar: icen da ya dafa tuwon shi ya ɗumama ruwan alwala. Ta haka ake iya cin moriyar kashi 80 zuwa 90 na makamashin da aka ƙona.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tashar Pearl Street da Thomas Edison ya buɗe a New York a 1882 ana ƙidaya ta cikin na farko, kuma har yau akwai layin tururi a ƙarƙashin titunan Manhattan.

Idan aka ce ingancin tasha kashi 90 ne, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba, kuma a nan ne aka fi yaudarar mutane. Wannan adadi ana samunsa ne ta hanyar tara lantarki da zafi wuri guda, a raba da makamashin da aka ƙona. Lissafin daidai ne, sai dai yana ɗaukar kilowat na lantarki da kilowat na ruwan ɗumi a matsayin abu ɗaya, alhali darajarsu ba ɗaya ba ce. Lantarki yana juya inji, yana kunna kwamfuta, kuma idan an so a mayar da shi zafi gaba ɗayansa zai koma. Ruwa mai zafin digiri 90 kuwa, a ranar da zafin waje yake digiri 10, ko da inji marar aibi aka samu, abin da za a iya mayarwa lantarki daga cikinsa bai wuce kashi 22 ba. Tukunyar tururi kawai, wadda ba ta ba da wuta ko ta ƙwan fitila ɗaya, ita ma tana iya nuna kashi 92.

Ga misali da lambobi. Tasha ta farko ta ƙona gas awo 100, ta ba da lantarki 40 da zafi 45. Jimla 85. Ta biyu ta ƙona awo 100, ta ba da lantarki 15 da zafi 72. Jimla 87. A takarda ta biyu ce gaba. Amma tambayar da ta kamata ita ce: da a ce an samar da wannan lantarki da wannan zafi daban-daban, gas nawa za a ƙona? Tarayyar Turai tana kwatantawa da tashar gas mai ingancin kashi 53 da tukunyar ruwan zafi mai kashi 92. Da wannan ma'auni, abin da tasha ta farko ta samar zai ci gas awo 124, wato ta yi tanadin kusan kashi 20. Na ta biyu zai ci awo 107 ne kacal, tanadinta kusan kashi 6. Wadda ta fi babban adadi ita ce ta fi ƙarancin amfani.

Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2004, da ta 2012 da ta gaje ta, suka ce ba a kiran tasha mai babban inganci sai tanadinta ya kai aƙalla kashi 10. Ƙananan da ba su kai megawat ɗaya ba an yi musu sassauci, ko yaya tanadin yake an karɓa. Amurka ta bi wata hanyar a ƙarƙashin dokarta ta 1978: rabin zafin kawai ake ƙirgawa a haɗa da lantarkin, kuma jimlar ta kai kashi 42.5 na gas ko man da aka ƙona. Hanyoyin sun bambanta, amma manufar ɗaya ce, kada mai tukunya ya liƙa ɗan ƙaramin janareta ya zo karɓar tallafi.

To idan babu mai sayen zafin fa, kamar lokacin bazara?

A nan gizo ke saƙa. A koma ga tasha ta farko. Idan rabin zafinta kawai aka saya, sauran aka sake shi a iska, lissafin tanadin nan na kashi 20 yana komawa sifili. Injin bai canza ba, gas ɗin da ake ƙonawa bai ragu ba, amma ribar ta tafi. Zafin da ba wanda ya yi amfani da shi ba a ƙirga shi.

Saboda haka adadin da aka samu ranar gwajin karɓar aiki, a tsakiyar hunturu, inji sabo fil kuma yana cike da lodi, ba shi ne abin dogaro ba. Abin dogaro shi ne lissafin shekara guda cur, da watannin zafi a ciki, da ranakun da aka kashe inji aka sake tayar da shi, da lokutan da ya yi aiki da rabin ƙarfinsa. A ganina duk rahoton da ya ba da adadi bai faɗi tsawon lokacin da aka auna ba, talla ce.

A aikace, me ake aunawa, kuma da me?

Abu uku: abin da ya shiga, lantarkin da ya fita, da zafin da ya fita.

Lantarki ya fi sauƙi, mita ce. Abin lura kawai shi ne a ina aka ɗaura ta. Tasha tana cin wani kaso na wutarta wajen juya famfuna da fankoki da injinan niƙa kwal, kuma a tashar kwal wannan yakan kai kashi 5 zuwa 10. Wanda ya karanta mita a bakin janareta zai samu adadi mai daɗin ji, wanda ya karanta a ƙofar fita zai samu na gaskiya.

Zafi ana auna shi ne da yawan ruwan da ya wuce da kuma bambancin zafinsa tsakanin tafiya da dawowa. Ruwa lita dubu, idan ya huce da digiri ɗaya, ya saki kimanin kilowat-awa 1.16. Tashar da ke tura lita miliyan ɗaya a awa, ruwan ya fita a digiri 90 ya dawo a 50, tana ba da kusan megawat 46 na zafi. Yanzu a ce ɗaya daga cikin ma'aunan zafin ya kauce da digiri ɗaya tak. Lissafin ya kauce da kashi biyu da rabi ke nan, fiye da megawat guda, dare da rana. Aikin gyara da yawa ribarsa gaba ɗaya ba ta wuce wannan ba. Don haka ma'aunan biyu ake daidaita su tare, a kuma riƙa sake gwada su lokaci-lokaci.

Abin da ya shiga shi ya fi wahala idan ba gas ba ne. Gas ana auna yawansa, na'ura ta tantance ƙarfinsa. Kwal da katako da shara kuwa ƙarfinsu yana canzawa daga mota zuwa mota gwargwadon danshi da toka, dole a riƙa ɗiban samfuri ana kaiwa ɗakin gwaji.

Na ga rahoton da ya ce wata tasha ta wuce kashi 100. Ƙarya ce?

Ba lallai ba. Idan aka ƙona gas ko ɗanyen katako, tururin ruwa yana fita cikin hayaƙi ɗauke da zafi. A Turai al'ada ita ce a cire wannan zafin daga lissafin ƙarfin makamashi tun farko, don a da ba a iya kamo shi. A Amurka sau da yawa ana barinsa a ciki. Ga iskar gas bambancin ma'aunan biyu kusan kashi 10 ne. To tashar da ta saka na'urar sanyaya hayaƙi har tururin ya koma ruwa, ta kamo abin da ba a ƙirga ba, sai adadinta ya haura ɗari. Darasin mai sauƙi ne: kada a kwatanta adadin Amurka da na Jamus sai an tabbatar da ma'auni ɗaya aka yi su.

Makamashin da aka ƙona ɗaya ne, kayan da aka samar biyu. Ta yaya ake raba kuɗin a tsakaninsu?

Babu amsar da kimiyya ta yanke, shawara ce ta mutane, kuma tana da sakamako mai nauyi. Ana iya rabawa gwargwadon yawan kowanne. Ana iya rabawa gwargwadon darajar kowanne bisa ƙa'idar Carnot. Ana kuma iya tambayar nawa ne lantarkin da aka rasa saboda an zare tururi daga inji an tura wa gidaje. A manyan injinan tururi, kowane awo ɗaya na lantarki da aka sadaukar yakan haifar da awo biyar zuwa takwas na zafi, abin da ke nuna cewa zafin yana da arha ƙwarai.

Tarayyar Sobiyet ta zaɓi hanyar da ke ɗora wa zafi nauyin makamashi kamar a tukunya aka dafa shi, duk ribar haɗakar ta tafi ga lantarki. Lokacin da gwamnati ce ke da komai, wannan rubutu ne kawai a littafi. Da tarayyar ta rushe aka fara sayar da zafi a kan wannan lissafi, sai masana'antu da yawa a Rasha suka ga gara su gina tukwanensu. Suka janye, tashoshin suka rasa masu sayen tururi, ingancinsu ya faɗi, kuɗin ya ƙara hawa kan waɗanda suka rage. Ba inji ne ya lalace ba, akawu ne ya kori kwastoma.

Me ake nufi da sabunta tasha? Rushewa ake yi a gina sabuwa?

Wani lokaci haka ne, amma akwai matakai da yawa kafin a kai nan. Mafi arha su ne waɗanda ba a yi musu bikin yanke ƙyalle: gyara lulluɓin bututu, toshe yoyon tururi, wanke bututun tukunya, saka wa famfuna na'urar rage gudu maimakon a bar su suna gudu a maƙure su da bawul, sabunta na'urorin sarrafawa. Sai na tsakiya: canza farfelun injin tururi, saka na'urar kamo zafin hayaƙi, gina tankin ajiyar ruwan zafi.

Babban mataki shi ne canza makamashi ko injin gaba ɗaya. A Warsaw, tashar Żerań da ke aiki tun 1954 ta samu sabon sashen gas mai kusan megawat 500 a 2021, aka kashe tsofaffin tukwanen kwal da dama. A Düsseldorf ta Jamus, sashen da ake kira Fortuna ya fara aiki a 2016 da ingancin lantarki kashi 61.5, kuma idan yana tura megawat 300 na zafi cikin gari, jimlar takan kai kashi 85. Birnin Kiel ya bi wata hanyar dabam: maimakon babban inji guda, ya maye gurbin tashar kwal da injinan gas guda 20 masu jimlar megawat 190, waɗanda ke iya kaiwa cikakken ƙarfi cikin minti biyar. A Denmak kuwa, tashar Avedøre da ke gefen Kopenhagen ta bar kwal ta koma ƙona dunƙulen garin katako da karan hatsi.

Me ya sa ake ta gina manyan tankunan ruwan zafi a gefen tashoshi?

Saboda lokacin da gari ke son zafi ba lallai ya zo daidai da lokacin da lantarki ke da tsada ba. A daren sanyi mai iska, injinan iska na Denmak da arewacin Jamus sukan cika layi da wuta har farashi ya faɗi ƙasa warwas. Tashar da ba ta da tanki dole ta ci gaba da ƙona gas don gidaje, tana sayar da lantarki a kan asara. Mai tanki kuwa sai ta yi aiki a sa'o'in da wuta ke da daraja, ta tara ruwan zafi, ta kashe inji idan farashi ya sauka. Tankin Kiel yana ɗaukar lita miliyan 30, kuma akwai tukunya mai aiki da lantarki a gefensa wadda ke shanye wutar da ta yi arha. Tashar Siekierki ta Warsaw ma tana da tanki mai kusan wannan girma. Cikin duk abubuwan da ake ƙarawa tsohuwar tasha, wannan na daga cikin waɗanda kwalliya ta fi saurin biyan kuɗin sabulu.

Idan an gyara tasha amma bututun cikin gari tsofaffi ne fa?

An yi ba a yi ba ke nan. Layin zafi na Warsaw ya kai kimanin kilomita 1,800. A layi mai kyau asarar zafi a hanya takan tsaya kusan kashi 10, a tsoho mai ruɓaɓɓen lulluɓi takan wuce kashi 20. A Mosko har yanzu ana ɗauke ruwan zafi na kwana goma duk bazara don gwada bututu da gyara su, mazauna birnin sun saba da wankan bokiti a wannan lokaci.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato zafin ruwan da ke dawowa. Idan gidaje suka shanye zafin sosai ruwan ya dawo a huce, tasha tana samun ƙarin lantarki daga tururi guda, famfuna suna hutawa, na'urar kamo zafin hayaƙi tana aiki da kyau. Gidajen da ba su da mita, waɗanda ake caji gwargwadon faɗin ɗaki, ba su da dalilin damuwa. A tsofaffin benayen gabashin Turai an daɗe ana rage zafin ɗaki ta hanyar buɗe taga a tsakiyar hunturu. Saka mita da bawul a gindin kowane bene yakan rage buƙatar zafi sosai, kuma dole a yi wannan kafin a yanke girman sabon inji. Wanda ya sayi inji da farko zai wayi gari da wanda ya fi ƙarfin garin.

Ta yaya za a tabbatar cewa aikin sabuntawa ya yi amfani?

Da awo kafin a fara, na aƙalla shekara guda, sannan awo bayan an gama, da mitoci iri ɗaya a wurare iri ɗaya. Sai a daidaita lissafin da yanayi, domin idan hunturun bana bai kai na bara sanyi ba, gas zai ragu ko da ba a taɓa ƙusa ɗaya ba. Tsarin kula da makamashi na ISO 50001, wanda ya fito a 2011, a kan wannan ya ginu. Kuma ya fi kyau wanda zai auna ya zama ba shi ne ɗan kwangilar ba.

Abin da ya faru a Bishkek, babban birnin Kirgistan, ya isa misali. An sabunta tashar birnin da bashin kusan dala miliyan 386 daga Sin, aka kammala a 2017. A watan Janairun 2018, ana tsakiyar matsanancin sanyi, tashar ta samu matsala ta ɓangaren ruwan da ake ciyar da tukwane, gari ya kwana da kwanaki cikin sanyi. Daga baya tsofaffin firaministoci biyu suka ƙare a gidan yari a kan kwangilar. Sabbin injina ba sa hana tasha tsayawa idan sashen da ke ba su ruwa bai samu kulawa ba.

Har yanzu akwai hikima a gina tashar haɗaka mai gas, ko zamaninta ya wuce?

Ana gardama a kai. Denmak ta rungumi tsarin ne bayan tashin farashin mai na 1973, ta yi dokar samar da zafi a 1979, kuma yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajenta a kan layin zafi suke. Amma a lokacin abin da ake kwatantawa da shi tashar kwal ce. Yau idan wutar da tashar haɗaka za ta maye gurbi ta iska ce ko ta rana, tanadin ya ragu. Helsinki ta rufe tashar kwal ta Hanasaari a 2023 da ta Salmisaari a 2025, ta karkata ga tukwanen lantarki da manyan famfunan zafi, wato injinan da ke jawo ɗumi daga ruwa ko iska su ƙara masa zafi, har da masu tsotso ɗumi daga ruwan kwatamin gari. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta ƙara sharaɗin cewa sabuwar tasha mai ƙona kwal ko gas ko mai kada hayaƙinta ya kai giram 270 na iskar kabon a kan kowane kilowat-awa, abin da ya fitar da kwal daga lissafi. Inda gas ya rage da daraja shi ne ranakun sanyi da babu iska babu rana.

Mu da ba mu da irin wannan sanyi, ina ruwanmu?

Layin ɗumama gidaje ba namu ba ne, hunturun Kano ko na Damagaram bai kai a haƙa titi dominsa ba. Amma masana'antu suna son tururi duk shekara, kuma wannan ya fi na gidaje kyau tunda babu bazarar da za ta kore shi. Kamfanonin sukari sun daɗe a kai: suna ƙona sauran raken da aka matse, tururin ya juya janareta sannan ya dafa ruwan rake. Haka aka daɗe ana yi a masana'antar Kenana ta Sudan, haka tsarin yake a masana'antun sukari irin na Numan. A Indiya da Brazil da tsibirin Moris, canza tsofaffin tukwane zuwa masu matsi mai ƙarfi ya sa kamfanonin suna sayar da rarar wuta ga layin ƙasa. Injinan shinkafa ma suna da ɓuntu a jibge, ga buƙatar tururi don turara shinkafar.

Sai babban janaretan dizal ko na gas da ke otal ko asibiti ko masana'anta. Abin da yake mayarwa wuta bai cika wuce kashi 40 ba, sauran yana fita ta lagireto da salansa, inda hayaƙin kan kai digiri 400 zuwa 500. Ana iya dafa ruwan wanki da shi, kuma akwai na'urar sanyaya gini da ke aiki da zafi maimakon lantarki.

Abu guda da mai saye a ƙasar zafi zai kiyaye: ƙarfin da aka rubuta a jikin injin gas mai farfela an auna shi ne a digiri 15, a daidai gaɓar teku. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka a ranar Afrilu mai digiri 40 injin zai iya rasa kashi 15 ko fiye na ƙarfinsa, tudu kuma ya ƙara rage wani abu, ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. A nemi mai sayarwa ya rubuta a kwangila abin da injin zai bayar a zafin wurin da za a kafa shi, a kuma yi gwajin karɓa da tsakar rana.